Haruffa Biyu a Takardar Maganin Mama

Da saukar ruwan farko na bana mahaifiyata ta cika shekara tara a kabari. Saratu sunanta, amma a ƙauyenmu, wanda ke 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan, babu mai kiranta da shi sai fasto ranar da yake karanta sunayen masu sharar coci. Kowa Mama yake cewa, har waɗanda suka girme ta. A wajen biso, wato jana'izarta, mutane sun yi ta dafa kafaɗata suna cewa in shekaru sun tafi zuciya za ta sanyaya. Tawa ba ta sanyaya ba, kuma na daina jin kunyar faɗin haka. Hawan jini ne ya kashe ta, haka aka rubuta, haka muke amsa wa masu tambaya don a gajarta magana. Abin da ba mu faɗa shi ne, likitoci sun rubuta mata maganin hawan jinin sau bakwai, wata bakwai a jere, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakinta ba.

Manomiyar citta ce. Tun da mahaifinmu ya rasu ita ta riƙe gonar, ita ke shuka, ita ke ɗebo ganye daga bakin rafi ta rufe kunyoyi, ita ke tonowa ta tsaga ta shanya. Da cittar nan ta kai ni har kwalejin horon malamai. Ba ta yi boko ba, amma ta koyi haruffa a ajin karatun manya na coci, kuma daga ranar da ta iya haɗa baƙi ba ta sake barin rubutu ya wuce ta ba. In ka shiga mota da ita ka shiga uku, domin sai ta karanta maka allon kowane shago daga ƙauye har tasha, da ƙarfi, tana gyara kanta a tsakiya. Turancinta kuwa bai wuce kalma biyar ba. Ɗaya daga ciki ita ce oke, wadda ta tsinta a bakinmu muna 'yan makaranta ta riƙe ta gam. Miya ta yi daɗi, oke. Akuya ta haihu lafiya, oke.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kagarko, ina zuwa gida in an yi albashi, sauran kwanaki sai waya. Ciwon ya fara mata da sarar ƙeya da jiri, ta ce rana ce kawai. Wata Lahadi matan zumunta na cocinmu suka gayyato wata nas 'yar ƙauyenmu ta auna jinin kowa bayan sujada. Da ta zo kan Mama ta auna sau biyu, ta sake hannu ta auna na uku, sannan ta ce gobe-goben nan a tafi asibiti. Asibitin gwamnati ne a yankinmu. Ba zan kama sunansa ba, don kada na kusa da shi ya ɗauka shi ya tsira. A bangon wajen yankan kati an kafa allo, da Turanci da Hausa, mai cewa ana duba tsofaffi kyauta, ana ba su magani kyauta. Mama ta tsaya ta karanta Hausar da kanta, ta dawo gida tana yabon gwamnati har maƙwabta suka gaji.

Ga yadda abin yake, ga wanda Allah bai taɓa kai shi ba. Likita zai duba ka, ya rubuta magunguna layi-layi a 'yar takarda. Ka ɗauka ka bi dogon layi zuwa wata taga mai raga, inda ba ka ganin komai na mai ba da maganin sai hannunsa da rabin fuskarsa. Abin da ke cikin sito zai zuba maka a leda. Abin da babu, sai ya sa biro a gefensa ya rubuta haruffa biyu, O da S, wato gajartawar Turanci mai nufin ya ƙare, ya miƙo maka takardarka ka je ka saya a kemis. Likitan Mama ya rubuta magani huɗu. Biyun farko na hawan jini, na uku na ciwon gwiwa, na huɗu bitamin. Mai taga ya ba ta na uku da na huɗu. A gefen biyun farko ya ja haruffansa cikin sauri, ya faɗi wata magana da hayaniyar layi ta haɗiye, na bayanta kuma sun riga sun turo ta gaba.

Ta fito inuwar mangwaro ta buɗe takardar. O ta gane shi sarai. Na biyun ya karkace irin rubutun mai gaggawa, to me ke bin O a duniyar Mama in ba K ba? Ran nan da yamma na kira ta.

"Mama, kin je asibitin?"

"Na je. Dokta ya ce jini na ya hau sama sosai. Amma sun ba ni magani, ko sisi ban biya ba. Har sun sa mini oke a takarda, guda biyu."

Na yi dariya, na ce to madalla, ki riƙa sha a kan lokaci. Ni ne malamin makaranta, ni ne wanda da kallo ɗaya zan gane abin da ke takardar, amma ban ce ta ajiye mini in gani ba. Da na zo ƙarshen wata na tarar tana haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma, fara da rawaya, ba ta tsallake ko sau ɗaya, sai hankalina ya kwanta na koma Kagarko.

Kowane wata ta koma, kuma kusan kowane wata wani likitan take tararwa, domin ba sa zama. Da yaro ya gama hidimar ƙasarsa sai ya tattara ya yi birni. Kowanne ya auna ya ga jinin bai sauka ba, sai ya ɗaga kai ya dube ta. Takardar da aka ja wa haruffan tana gida cikin kayanta, ba ta cikin fayil ɗin da ke gabansa. Abin da yake gani kawai shi ne tsohuwar da aka rubuta wa magani mai kyau amma jininta yana nan inda yake. A wata na uku ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba ba.

"Bulus, yaron nan ya ce ina ƙarya. Ya ce ba na shan magani. Ni da furfura na, a gaban mutane."

Kun san me na ce mata? Na ce ta rage gishiri da manja. Ta kuwa rage. Wata huɗun ƙarshe na rayuwarta miya lami ta ci, bisa shawarar ɗanta mai ilimi.

Farkon damina, da hantsi, tana rufe citta da ganye, ta faɗi tsakanin kunyoyi. Mama Asabe, ƙawarta tun suna amare, wadda gonarta ke jikin tamu, ita ta hango ta. Kafin in iso daga Kagarko ɓarin jikinta na dama ya mutu, bakinta ya karkace. Kwana shida ta yi tana bi na da ido, tana ƙoƙarin magana, ba abin da ke fita sai iska. A kwanakin nan duk abin da aka rubuta mun saya, allurai da ledojin ƙarin ruwa da robobi, babu wanda ya tsaya tambayar farashi. Ran na bakwai Ubangiji ya kira ta.

Biso kuwa mun yi na kece raini. Ta yi mako uku a ɗakin ajiye gawa ana jiran na Legas da na Fatakwal. An yanka saniya, an ɗinka anko, an buga 'yan littattafai da hotonta a bango, dangin da ban taɓa jin sun tambayi lafiyarta ba suka zo da gudummawa a ambulan. Ba zagin kowa nake yi ba, ni ma ankon na sa. Ina faɗa ne don mu ji kunyar tare, domin abin da aka ci aka sha a yinin nan ɗaya da ya riƙe ta da magani shekaru.

Bayan baƙi sun watse na zauna raba kayanta. A cikin littafin waƙoƙinta na coci na sami takardun, guda bakwai, kowace a ninke huɗu, a jere bisa watanni. Na buɗe ta farko na ga haruffan. Na buɗe ta biyu. A ta biyar likitan ya ƙara mata maganin hawan jini na uku, domin a ganinsa biyun farko sun kasa, shi ma an ja masa nasa O da S. Haka na bi su har ta bakwai, kowace da nata haruffan.

Washegari na tafi asibitin, na tsallake layi, na manna takardun a ragar tagar ina ihu. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, kuma gara da ban tuna ba. Mutumin ya bar ni na gama, sannan ya sunkuyo yadda zan ga fuskarsa duka. Dattijo ne, da furfura a gemunsa.

"Oga, sori da rashi. Amma kowa ina gaya masa, wannan babu, ka saya a waje. Dubi layin nan. Ba ni ke kawo magani ba, abin da aka kawo shi nake bayarwa. Na hawan jini rabona da ganinsa a sito tun bara."

Ban karɓi maganarsa ba. Shekara shida ina ɗauke da mutumin nan a zuciya. In fasto yana wa'azin gafara fuskarsa nake gani, in ce a raina banda wannan. Na gaya wa kaina, na gaya wa duk wanda ya tsaya saurare, cewa da ya ɗaga murya, da ya fito daga bayan ragar ya yi wa tsohuwa bayanin minti ɗaya, da yanzu tana nan. Labarin ya yi mini daɗin riƙewa, domin mai laifin ɗaya ne, kuma ba ni ba ne.

Shekara uku da suka wuce na je gaida Mama Asabe bayan Kirsimeti. Ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune a tsakar gida tana tsaga citta da 'yar wuƙa ba tare da ta duba ba. Hira ta kawo mu kan Mama, na ɗauko karatuna na mai taga kamar yadda na saba. Ta bar ni na yi nisa, sai ta ajiye wuƙar ta yi magana da Hausar tsofaffinmu, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Ticha, ka bar mutumin nan haka. Maman ka ya sani."

Na ce ta san me.

"Ya san ba oke ba ne. Farko-farko bai sani ba, gaskiya. Amma bayan dokta ya yi masa faɗa, wata na gaba na raka shi. Wani mata a layi ya karanta mana, ya ce wannan babu ne, sai a saya. Muka ƙetare titi muka shiga kemis."

Sai ta ba ni sauran labarin. Mai kemis ya ɗauko kwalayen nan take, domin abin da babu a cikin asibiti kullum yana nan a tsallaken titi. Ya faɗi kuɗin wata ɗaya. Mama ta kwance bakin zani ta duba, ta ga in ta sayar da akuya za ta iya. Sai ta tambaye shi wata nawa za ta sha kafin ta gama. Ya ce mata wannan ba a gamawa, har ƙarshen rai ake sha. Ta ninke takardarta, ta yi masa godiya, suka fito.

"A hanya ya ce mini, Asabe, kar ki gaya wa Bulus. Yara uku a makaranta, albashi ba ya zuwa kan lokaci. Wata ɗaya zai iya, wata biyu zai iya, har mutuwa fa? Ya ce ai gwamnati ya rubuta kyauta, na karanta da ido na. Zan riƙa zuwa, wata rana zai zo."

Ashe abin da ya sa ba ta fasa zuwa ba ke nan. Ta biya kuɗin mashin, ta zauna a benci rabin yini, ta sha faɗan likita, ta miƙa takarda ta taga tana fatan wannan karon hannun zai miƙo kwalin. In na kira da yamma sai ta ce sun sa mata oke.

Tun ranar na sauke mai taga daga zuciyata, kuma in yana raye ina roƙonsa gafara. Amma fushin bai tafi ba, ƙaruwa ya yi, domin yanzu na san da ya fito daga bayan ragar ya yi mata bayanin awa guda da yarenmu ma, ƙarshen labarin ɗaya ne. Ta fahimci komai. Maganin yana nan a ƙasar, yana nan a garin, taku kaɗan daga bencin da take zaune. Abin da ya raba ta da shi shi ne mun yarda, mu duka, cewa ganin likita aikin gwamnati ne amma maganin da likitan ya rubuta matsalar mai ciwo ce. To ina amfanin duba mutum kyauta, a auna masa ciwonsa daidai-wa-daida, a faɗa masa sunansa, sannan a sallame shi da shi ya kai gida? Kuma wanda ya sa aka kafa allon nan alhali ya san siton babu kaya, ina so in san ko ya taɓa tunanin akwai tsohuwar da za ta karanta ta gaskata.

Ina da katin inshorar lafiya na ma'aikata a lokacin da nake aiki. Ya ɗauke ni, ya ɗauki matata da yarana. Da na tambaya ko zan iya sa mahaifiyata, ma'aikaciyar ofishin ta ce iyaye ba sa ciki, ta faɗa kamar mai gaya mini ƙarfe nawa. Wato macen da ta noma cittar da ta samar wa gwamnati malami ba ta cikin lissafi, malamin ne ke ciki. Ku zaga Kujama, ku zaga Kajuru, ku shiga ƙauyukan bayan Kafanchan, ku ga mutum nawa ne ke da takardar ɗaukar aiki. Yawancinmu fartanya ce ofishinmu. Tsarin da sai mai albashi zai shiga, an gina shi ne don waɗanda suka fi kowa iya sayen maganin tun farko.

Kada wani ya ce mini ba zai yiwu ba, domin na ga ya yiwu da idona. Wani dattijon ikilisiyarmu ya yi tarin fuka, wata da watanni yana karɓar maganinsa bai biya ba, in ya makara har waya ake yi masa. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki suna karɓar nasu haka shekara da shekaru. Allurar rigakafin yara har ƙofar gida ake kawo ta, ko ba ka nema ba. Ke nan hanyar kai magani hannun talaka kowane wata ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. An dai zaɓi cututtukan da za a bi ta da su, aka bar hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da asma, waɗanda ba a gama shan maganinsu, wa aljihun mai ciwo. Su ne kuwa ke cinye gida a hankali, domin maganin zazzaɓi sau ɗaya za ka ranta ka saya ka wuce wurin, wannan kuwa duk wata yana dawowa.

Wata ɗalibata da ke aikin jinya a ƙasar waje ta zo hutu, na tambaye ta yadda suke yi. Ta ce can ma ana ƙorafi, ana jiran layi, ana zagin 'yan siyasa. Amma in likita ya rubuta maka magani, zuwa kake ka karɓa, ko ka biya ɗan abu kaɗan ko ma kada ka biya, domin an riga an biya daga harajin kowa. Hukuma ce ke sayen maganin ƙasa gaba ɗaya, saboda haka ita ke ciniki da kamfanoni, ba tsohuwa mai ƙulli a bakin zani ba. Wannan ai matan zumunta sun daɗe da sani. In Kirsimeti ya gabato ba kowace ke zuwa kasuwa ta auni mudunta ba, haɗa hannu suke su sayi buhu su raba, kowa ta samu da sauƙi. Abin da matan ƙauyenmu suka gane ba da digiri ba, shi ne ake ce mana ya fi ƙarfin ƙasa guda.

Za a ce ina kuɗin. Na lura masu yin wannan tambayar da babbar murya su ne waɗanda in kansu ya sara sai a nemi jirgi. Za a ce in an kawo maganin za a sace a sayar ta bayan gida. To a kama ɓarawon mana. Ana satar taki, ba a daina rabon taki ba. Ana cin kuɗin titi, ba a daina ba da kwangilar titi ba. Sai a kan ƙwayar da za ta hana tsohuwa faɗuwa a gona ne tsoron sata ke kama mu har mu fasa. Sannan in zaɓe ya matso sai ka ga an kafa rumfa a filin makaranta, an rataya hoton ɗan takara, ana auna jini kyauta ana raba tabarau da maganin ciwon kai. A gaya wa mutum jininsa ya hau, a ba shi na mako biyu, a naɗe rumfa a tafi. Ban san sunan da zan kira wannan ba wanda edita zai yarda ya buga.

Nakan tambayi kaina me Mama za ta ce da ta ga yau. Na koma asibitin kwanan baya. An yi fenti, an sa tayil, an kawo kwamfuta wajen yankan kati, an canza allon da wani sabo mai launi. Na tabbata da ta tsaya ta karanta shi daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, ta ce gwamnati na ƙoƙari. Da ta ƙetare titi kuma ta ga kemis biyun da ta sani sun zama jere guda, kowanne cike da mutane riƙe da 'yan takardu, wasu suna cewa a ba su na kwana biyar, wasu suna tambayar wanne ne ya fi muhimmanci a cikin ukun don su bar sauran. Farashin da ya sa ta ninke takardarta a wancan lokaci, yau mutane addu'a suke a dawo da shi. Wannan rubutun nawa kuwa da ba ta so shi ba ko kaɗan. Ina jin muryarta tana cewa, "Bulus, ka cika faɗa. Ka bar wa Ubangiji." Da na ce mata Ubangiji ya riga ya yi nasa, ya ba mutane basirar haɗa maganin, ragowar aikin namu ne.

Ita ma ina fushi da ita, kuma yau ne na fara faɗa a fili. Wa ya ba ta izinin yanke wannan shawara ita kaɗai? Da ta gaya mini, da na daina wani abu, da na nemi darasin yamma, da yaran sun koma makaranta mai sauƙi, da na san yadda na yi. Ta auna rayuwarta da kuɗin makarantar jikokinta ta ga tata ce mara nauyi, ba ta tambaye mu ba. Na san ƙauna ce. Amma ƙasar da ke sa uwa ta zauna ta yi irin wannan awon, sannan a zo wajen bisonta a yaba mata haƙuri, ba ta cancanci haƙurin ba.

Me ya rage nata bayan shekara tara? Gonar tana hannun wani ɗan'uwa, ya mai da ita masara. Matan zumunta har yanzu in miya ta yi daɗi sukan ambace ta su yi dariya. Na daɗe ina zaton abin da na gada daga gare ta taurin kai ne da son karatu, sai watan jiya na gane akwai wani abu kuma.

Bara waccan na yi ritaya. Katin ya daina aiki a watan da albashi ya tsaya, sai ka ce ciwo ma ritaya yake yi. Fansho yana zuwa lokacin da ya ga dama. Nawa jinin ya hau shekara huɗu ke nan, irin nata sak. Ni na san ma'anar kowane harafi a takardata, babu mai ruɗa ni. Watan jiya na ƙetare titi, aka faɗa mini sabon farashi, na sayi na rabin wata. Da ya ƙare na yi kwana goma sha ɗaya ban sha komai ba, ƙeyata na sara, ko matata ban gaya wa ba. A cikin kwanakin 'yata Tabitha ta kira daga Kaduna, inda take fama da jariri a goye da kuɗin haya a wuya. Ta ce, "Baba, kana shan maganinka?" Na ce ina sha. Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa. Sai da na ajiye wayar na gane muryar wa na ji tana fita daga bakina.

Na koma shan maganin, fansho ya shigo. Amma wata mai zuwa ban san yadda zai kasance ba, kuma ba na son wata rana yarinyar nan ta ji gaskiya daga bakin maƙwabci bayan an rufe ni. Sau biyu na ɗauki waya in gaya mata, bakin ya ƙi. Na san dai tana sayen jaridar nan duk lokacin da rubutuna ya fito. Tabitha, ƙarya na yi miki ran nan. Kwana goma sha ɗaya ne. In kin karanta ki kira ni, ki yi mini faɗan da ban samu na yi wa kakarki ba.